Abin da Tunau Ya Sare a Tsaunin Malfa

Ku matso nan, ku da kuka sare icen da ke bayan ɗakina. Kada wanda ya buɗe mini baki. Hujjarku ta riga ku isowa: wai ba ya 'ya'ya, wai inuwarsa ba ta isa akuya ta kwanta ba, wai kuna neman sandar korar kaji. Ba ku san sunansa ba, ba ku san danginsa ba, ko sau ɗaya ba ku taɓa juya ganyensa kun dubi bayansa ba, amma kun ari adda kun yanke masa hukunci. Haka kuke, yaran yanzu. Abin da ba ya shiga baki ba shi da amfani a wurinku. Ba zan doke ku ba, hannuna ya gaji. Ku zauna ku naɗe ƙafa, wanda ya yi gyangyaɗi ba shi ba tuwo.

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya saukar da ruwa, ya fitar da tsirrai iri-iri, kowanne a mazauninsa. Ni Tabawa ban yi nisa a karatu ba, abin da zan yi salla da shi kawai na samu aka kai ni ɗakin miji. Amma na yi tafiyar da fatake ba su yi ba, na taka inda jaki ba ya takawa. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma ni ba na ƙari.

A lokacin maigidana, baban Hansai, shi ne maɗinkin da ake ji da shi a Kwarin Tsamiya. Aikin wuyan riga in ya fita daga hannunsa, ko a wace kasuwa ka gan shi ka san nasa ne. Sai yanar ido ta fara hawa masa. Da fari zare ne ke ƙin shiga allura, ya miƙo mini in sa masa. Daga baya ya koma yana lalubar bakin ƙyalle da yatsa. Ranar da ya ɗinka hannun riga a baibai bai sani ba, ya ajiye allura, ya juya fuska bango har rana ta faɗi.

Akwai wani tsohon mai maganin ido a garin da ke maƙwabtaka da mu. Ya duba shi, ya ce abu ɗaya ya sani da ke wanke irin wannan yanar: 'ya'yan wani guntun ice da ake kira marmasa, wanda ba ya fita ko'ina a duniya sai a Tsaunin Malfa, can ƙarshen kudu inda gajimare ke kwana a ƙasa. Ya ce sai sababbi, na shekarar. Ya ce kuma in aka yi jinkiri yanar za ta kafu, ba abin da zai ɗaga ta. Alama ɗaya ya ba ni: in aka fasa ɗan marmasa, ruwansa rawaya ne, yana shan iska ya koma ja.

Mace ba ta irin wannan tafiya ita kaɗai, sai na ɗauki ƙanena Tunau. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi. A lokacin magidanci ne, da mata da ɗa na goye. Dillalin turare ne, mai daɗin baki, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya yarda da sauri, na ɗauka zumunci ne. Sai a hanya na lura duk garin da muka shiga, masu ciwon ido yake bi da kallo yana gyaɗa kai.

Muka bi ayari har inda ayari ya ƙare, muka bi masunta har Birnin Kan Ruwa. Wannan birni ba shi da ƙasa ko taki ɗaya. Gidaje a kan jirage, masallaci a kan jirage, kasuwa takan wayi gari a gabas ta yi la'asar a yamma, duk inda iska ta kai ta. A nan muka tarar da wani mutum da biri a kafaɗa, ya tara wasu 'ya'yan ice shuɗɗa a faifai yana kiran marmasa, marmasa, yanzu aka sauko da shi daga tsauni. Tunau ya kama mini gefen mayafi. Ya ce ga abin da muka fito nema Allah ya kawo shi har gabanmu, mu saya mu juya. Na ɗauki ɗaya na murje a tafin hannu. Ruwansa baƙi ne, ya sha iska ya tsaya a baƙinsa.

"Yaya, ke ma da tsanani," in ji Tunau a kunnena. "Mutumin da ba ya gani, wa zai gaya masa launin ruwa?"

Mai faifai kuwa ya riga ya tara mana jama'a. Al'adar kasuwar nan ita ce, wanda ya fasa kaya ya ƙi saye, ko dai ya nuna aibin kayan a gaban mutane, ko a sauke shi daga jirgi, kuma babu tudu kusa. Na ce masa ni baƙuwa ce, maganata ba ta da nauyi a nan, amma birin nan ɗan gari ne, a ba shi ɗaya mu gani. Biri ya karɓa, ya sansana, ya yi jifa da shi cikin ruwa, ya goge hannunsa a rawanin ubangidansa. Kasuwa ta ɗauki dariya. Mu kuwa muka tsallaka jirgin gaba, daga shi muka tsallaka na gabansa, ba mu tsaya ba sai da muka ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu.

Bayan ruwa akwai Dajin Runguma. Igiyoyin da ke rataye a itatuwansa suna motsi kamar macizai. Duk abin da ya gifta mai ɗumin jiki sai su sauko a hankali su naɗe shi, kuma ba sa saki. Mun hangi ƙasusuwan jakuna a sama, da mangalolinsu a jiki. Muka zauna a bakin dajin muna kallo. Na ga bareyi na shiga suna fita lafiya, kuma kafin kowace ta shiga sai ta yi birgima a kan wata ciyawa mai kaushi. Ciyawar wurin iri biyu ce, masu kama da juna kamar tagwaye, sai dai karan wadda bareyi ke so yana da kusurwa, na ɗayar kuwa zagayayye ne. Na murje mai kusurwar na shafe jikina da kayana. Tunau ya ce ciyawa ciyawa ce, ya tsinko wadda ta fi kusa da hannunsa. Ba mu yi nisa ba igiya ta sauko ta ɗauke shi ta ƙafa ɗaya, ya rataya kai ƙasa yana kiran innarmu. Na bar shi ya ɗan ji jiki, sa'an nan na ɗaura ragowar ciyawar a kan sanda na goga wa igiyar, ta sake shi. Ya faɗo, ya karkaɗe riga, ya ce dama ya kusa kuɓucewa da kansa.

Daga nan ƙasa ta fara tashi, har muka isa Tsaunin Malfa. Ana kiransa haka domin gajimare ya zauna a kansa kamar malfa, rani da damina ba ya tashi. Tsakaninsa da sauran duniya akwai kwazazzabo wanda in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa, kuma hanya ɗaya ce, gadar saiwoyi. Manyan itatuwa biyu ne, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, kakannin mutanen tsaunin suka riƙa kitsa saiwoyinsu har suka haɗu a tsakiya. Gadar na da rai, kowace shekara tana ƙara kauri. Muka haye. A can sama ruwa na tsattsafowa daga kowane dutse, sanyi na shiga ƙashi da tsakar rana, wani ganyen ya fi tabarma faɗi.

Malfawa, mutanen tsaunin, suka karɓe mu da mutunci, suka ba mu ɗaki da barguna. Da na faɗi abin da ya kawo ni, aka kai ni wurin Magajiya Shekara, tsohuwar da ke riƙe da sha'anin itatuwa a tsaunin. Gidanta wani babban fili ne cike da tuluna a jere, sahu-sahu, kowane tulu da busassun rassa a ciki. Ta ce a wurinsu ice kamar mutum yake, yana da gida, gida kuma yana da dangi. Kowane tulu gida ne, kowane sahu dangi ne. Baƙon da ya zo neman wani ice ba ya tsinkar ko ganye sai ya zaunar da icen. Ana ba shi reshe, ya nemo 'yan gidansu duka ya haɗa su a tulu ɗaya, ya ajiye tulun a sahun da ya dace. Ba mai gaya masa, ba mai nuna masa. Na ce mata mijina na can yana makancewa, ba ni da lokacin wasa da tuluna. Ta ce marmasa bai ma yi fure ba tukuna, na bara kuwa ya ƙare, saboda haka lokaci ne kaɗai abin da nake da shi.

"A da muna bayarwa haka nan," in ji ta. "Amma mutanenku na ƙasa 'ya'ya kawai suka sani. Abin da suka bar mana, in kina da ido za ki gan shi."

Na ga tsananinta, kuma ban ga laifinsa ba.

Marmasa guntun ice ne, iyakarsa ƙugun mutum, a dunƙule kamar kaza ta kwanta kan ƙwai. Yana fita a gangaren gabas, inda rana ke fara taɓawa. Na yi ta zuwa ina tsugunawa a gabansa. Matan tsaunin ba su gaya mini komai ba, amma ba su hana ni kallon yadda suke kallo ba. Na ga ba sa fara tambayar 'ya'ya. Sukan dubi zaman ganye a jikin reshe, ko biyu-biyu ne suna fuskantar juna, ko ɗaya bayan ɗaya. Sukan juya ganye su dubi bayansa. Sukan kankare ɓawo da farce su sansana. Sai na riƙa yin yadda suke yi. Ganyen marmasa biyu-biyu yake, bayansa da jan gashi mai laushi, ɓawonsa na ƙanshin ɗanyar citta, ruwan jikinsa rawaya ne da ke komawa ja, kamar yadda aka ce mini na ɗansa yake.

Na je gaban Magajiya, na haɗa reshen marmasa da na wani ice na bakin rafi da aka ce 'ya'yansa shuɗɗa ne irin na marmasa. Ta zare shi ta miƙo mini. Ta ce wannan da na haɗa da marmasa, ɗigo ɗaya nasa ke kashe ido, shi ake sayar wa masu gaggawa a Birnin Kan Ruwa. Na koma na ƙara tsugunawa. Da na dawo na sa reshen shi kaɗai a tulu, na ajiye a sahun masu ganye biyu-biyu da ruwa mai sauya launi. Ta ce sahu ya yi, amma gida bai cika ba.

Tunau kuwa ya ƙi tsugunawa gaban kowane ice. Yawo yake yana auna gangaren da ido. Ya ce in aka kai 'yan ƙananan nan gida aka dasa a fadama, ba mai ciwon ido da zai wuce ƙofarsa. Na ce masa icen da ke shan gajimare ba zai rayu a ƙasarmu ba. Ya ce ni dai ban san kasuwa ba.

"Yaya, tsohuwar nan wasa take da ke. Ta samu mai son wahala ne. Ki ba ta turare kwalba ɗaya ki ga in tulun bai cika ba."

"Ka kai mata, ni zan fara fasa maka kwalbar a ka."

A bayan tsaunin, ta yamma, akwai wata tsaguwar dutse mai sanyi, rana ba ta daɗewa a cikinta. A nan wasu itatuwa dogaye sirara suke, 'yan kaɗan, rassansu na lanƙwasa kamar tsumagiya. Ba sa 'ya'ya. Kowanne an ɗaura masa farin zare a gindi, kuma tun ranar da muka zo aka ce mana abin da ke da farin zare ba a taɓa shi. Tunau ya ce camfi ne na mutanen dutse. Da lokacin fure ya zo, itatuwan nan suka sauko da wasu tuntayen fure rawaya masu warin daddawar da ta lalace, mutum ba ya iya tsayawa kusa. Wasu ƙananan korayen ƙudaje suka cika wurin. A daidai wannan lokacin marmasa ma ya buɗe nasa furen, farare ƙanana, ba ƙanshi ba wari.

Wata safiya ina tsugune gaban marmasa sai koren ƙuda ya sauka a kan fure, ƙafafunsa buɗu-buɗu da wani gari rawaya. Na san gangaren gabas kamar tsakar gidana, babu abin da ke da irin wannan garin. Na tashi na bi su. Suna tafe a jere sama da kaina, na zagaya tsaunin ina tuntuɓe, har suka kai ni tsaguwar nan. Na toshe hanci na shiga. Ban taɓa icen ba, saboda zaren. Na tsinci wani ɗan reshe da iska ta karya ya faɗo. Ganyensa ya fi na marmasa tsawo, amma biyu-biyu yake. Na juya, ga jan gashi. Na kankare ɓawo, citta. Na matsa inda ya karye, ruwa rawaya ya fito, ina kallo ya koma ja. Ashe mijin marmasa ne. Mu ma a gida mun san namijin dabino, mun san namijin gwanda. Amma ban taɓa ganin miji da mata da suka saɓa kama haka ba, har da tsauni guda a tsakaninsu.

Daga nan gidan Magajiya na nufa kai tsaye. Al'adarsu in baƙo ya ce wannan karon ya tabbata, akan buga ganga kowa ya bar abin da yake yi ya zo shaida, har masu kiwo. Fili ya cika. Na duba ban ga Tunau ba, na ce a raina yana wani wuri yana barci. Na ɗauki reshen marmasa da karyayyen reshen nan mai wari, na sa su tulu ɗaya, na ajiye a sahunsu. Magajiya ta tambaye ni me ya haɗa su. Na faɗi ganye, na faɗi ɓawo, na faɗi ruwa, na faɗi ƙudaje. Ta ce gida ya cika. Sai a lokacin ta gaya mini cewa a da mazan sun rufe yammacin tsaunin gaba ɗaya, baƙi suka yi ta sara suna hura wuta da su, suna cewa icen banza ne, har saura waɗanda na gani. Bayan su babu wasu a duniya. Aka kawo abinci, aka yi ta gaisuwa, aka yi mini alkawari in 'ya'ya suka nuna zan ɗebi iyakar abin da zanina zai ɗauka.

Da la'asar aka raka ni tsaguwar, domin wanda ya zaunar da ice shi ke ɗaura sabon zare na shekarar. Tun daga nesa na ji warin ya ragu. Muka shiga muka tarar da kututture. An sare su duka daga gindi, an yanke rassan an tafi da su, farin zaren na warwatse a cikin laka. Kusa da wani kututture na ga murfin kwalbar turare. Na ɗauka na miƙa wa Magajiya, na ce na ƙanena ne.

Ba a sha wahalar nemansa ba. Daga bakin tsaguwar ana hango wani abu kamar koren hayaƙi yana gangarawa wajen gada. Ƙudajen ne. Abin da ya faru, da Tunau ya ga gari ya kwashe zuwa fili, sai ya je gabas ya tono 'yan ƙananan marmasa da saiwarsu. Ya rasa abin ɗauka, ya tuna da dogayen rassan nan masu lanƙwasa. Ya sare, ya murɗa su ya yi kwanduna biyu na gaggawa, ko tuntayen furen bai tsaya cirewa ba. Ƙudaje suka bi abincinsu. Aka same shi a tsakiyar gada a durƙushe, sun rufe masa fuska, ya kasa gaba ya kasa baya.

Da aka kawo shi fili bai nuna kunya ba. Ya ce ai ga 'yan marmasan nan, a mayar a dasa, ba wanda ya mutu.

"Sauran kuwa icen banza ne, Yaya, ko ɗa ɗaya ba ya yi. Don ke na yi. Don mijinki."

"Idon mijina ka sare," na ce masa.

Magajiya ta sa aka kawo tulun aka ajiye a gabansa. Ya dubi rassan biyu bai gane komai ba, sai da aka yi masa bayani dalla-dalla kamar mai koyon magana.

Ba a yi shari'a a ranar ba, domin furen da ke jikin kwandunan yana yaushi. Aka kwance su a hankali a kan fararen zannuwa, aka kakkaɓe ɗan garin da ya rage. Bai cika tafin hannu ba. Washegari kowace mace ta ɗauki gashin zabo, muka bi gangaren gabas muna dangwalawa muna shafa wa fure ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sa wa jariri kwalli. Garin ya ƙare ba mu yi ko'ina ba. Sauran furen ya bushe ya zube. Ƙudajen suka yi kwanaki suna kewaya tsaguwar, daga baya aka daina ganinsu.

Hukuncin Malfawa tsoho ne, ba don Tunau aka ƙirƙire shi ba. Wanda ya kashe mijin ice, shi zai riƙe gidan. Zai zauna a tsaguwar ya yi jinyar kututturen har su yi toho, ya dasa rassa, ya tsare su daga awaki da zaizayar ruwa. In sun yi fure, tunda ƙudaje sun tafi, shi zai ɗauki garin da gashin zabo ya zagaya tsaunin da ƙafa ya kai wa matan, kowace shekara, har ranar da ƙudajen suka dawo da kansu. Kuma 'ya'yan marmasa ba shi ba su, ko ɗaya, har ya mutu. Magajiya ta ce al'ada ta yarda ɗan'uwa na jini ya zauna tare da shi ya rage masa aiki, in yana so. Duk fili suka juyo suna dubana. Tunau ma ya dube ni, karon farko da na ga bakinsa babu murmushi.

"Yaya."

"Na goye ka sau ɗaya," na ce. "Akwai mai jirana a gida cikin duhu."

Na zauna har 'ya'ya suka nuna. Abin da aka samu ko masu ciwon ido na tsaunin bai isa ba. Magajiya ta ce alkawari na nan, amma zani ba zai cika ba. Ta zuba mini abin da na dunƙule a hannu ɗaya. Na ƙulle shi a haɓar zani, na biyo wasu mata da mazajensu masu kai zuma ƙasa, na sake ratsa dajin, na sake ratsa ruwan. Mai maganin ya duba ya ce wannan ido ɗaya zai wanke, in aka raba biyu a yi asarar duka. Baban Hansai ya zaɓi na dama. Da shi ya yi ɗinki har ya bar duniya, yana karkata kai gefe kamar zakara na kallon sama. Bai sake ambaton sunan Tunau ba, da alheri ko da sharri.

Labarinsa masu zuma ke kawo mana jefi-jefi. Wasu kututturen suka ruɓe, wasu suka yi toho. Icen nan ba ya sauri. Ɗan da Tunau ya bari a goye sai da ya fara fita kiwo kafin tohon ya yi furen farko. Innarmu ta rasu tana tambayarsa. Matarsa ta jira iyakar abin da za ta iya, alƙali ya raba auren, ta yi wani. Shi yana can yana zagaya tsauni da gashin zabo, daga yamma zuwa gabas, daga gabas zuwa yamma. An ce ya ƙware. An ce ya zama ko akuya ba ya bari ta leƙa tsaguwar, kuma in baƙo ya nufi wurin da adda, shi ke fara tare shi. Ƙudaje ba su dawo ba sai shekarar da ɗan nasa ma ya yaye ɗansa na fari.

Kafin nan yanar ido ta hau masa shi ma. Yana tsaye a gangaren gabas, wurin ya yi shuɗi da 'ya'ya, ana wucewa da su kwando-kwando ta gabansa, duk aikin hannunsa. Ya roƙa a ba shi ko ɗaya don idonsa. Magajiya Shekara ta daɗe da rasuwa, wadda ta gaje ta ta ce ba a binne hukuncin tare da ita ba. Aka ba shi bargo da guzuri, aka gode masa, aka riƙe masa hannu har ya haye gada.

Kun san shi. Shi ne tsohon da ke zaune a zaurenmu, wanda in an kawo itacen wuta sai ya kankare ɓawon da farce ya sansana kafin ya yarda a kai murhu, kuna yi masa dariya. Ɗansa na zuwa ya gaishe shi kamar yadda ake gai da baƙo. Tun da ya dawo bai ga fuskata ba. Ni ke kai masa tuwo, in kama hannunsa in ɗora a kan kwanon.